Babi na Bakwai: Haihuwa Aka Zo Nema, Likita Ya Rubuta Gwajin Suga

A Jihar Jigawa, inda ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta sha nuna cewa mace kan haifi 'ya'ya wajen bakwai a rayuwarta, wadda ta shekara uku a ɗaki babu goyo ta san ido na kanta ko ba a faɗa mata ba. Sa'o'inta da aka kai ɗaki tare sun yi suna, sun yaye, wasu har sun sake ɗauka. Ita kuwa ɓatan wata kam tana yi: wata biyu, wata uku, wani lokaci har huɗu. Uwar miji ta hana ta ɗaukar tulu, dangi su fara raɗe-raɗin an samu ƙaruwa, sai rana ɗaya jini ya ɓalle mata. Wasu su ce cikin ne ya zube, wasu su ce kwanciya ya yi, zai tashi. Alhali tun farko babu cikin.

Idan irin wannan baiwar Allah ta taso daga Sundimina ko Kantoga, ko ta hau mota daga Basirka ko Sara a ƙasar Gwaram, ta nufi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wadda kowa ya fi sani da FMC, abu ɗaya ne a ranta: a duba mahaifa. Sai ta ga likita ya ce ta ɗan sassauta hijabi ya ga bayan wuyanta, ya dubi haɓarta, ya sa a auna nauyinta da ƙugunta, sannan ya ce, "Malama, a danginku akwai mai ciwon suga?" Daga nan ya rubuta takardu uku ko huɗu, ɗaya a ciki ta gwajin suga. A nan maigida kan gyara zama ya ce, "Likita, mu fa haihuwa muka zo nema. Lafiyarta ƙalau, ba ta da suga." In kuɗin da aka zo da su ba su isa duka ba, hoton ciki ake biya wa, takardar suga a ninke ta a jefa a jaka. A ganina wannan takardar da ake ninkewa ita ce za ta fi daɗewa tana da amfani a rayuwar matar, har bayan an daina zancen haihuwa.

Abin da likitan ke zargi shi ne larurar da ake kira PCOS, kuma ga yadda ake gane ta. A taron da masana suka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan a 2003 aka tsayar da alamomi uku, aka ce biyu daga ciki sun isa: rikicewar haila saboda ƙwai ba ya fita a kan kari, alamun yawan sinadarin maza kamar gashi a haɓa da ƙirji ko ƙurajen fuska masu naci, da kuma hoton ciki da ya nuna ƙananan buhunan ƙwai sun yi jerin gwano a ma'ajiyarsu. Sai likita ya tabbatar ba wata cutar ce ta kawo haka ba, kamar matsalar maƙoƙo ko yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 6 zuwa 13 cikin kowane 100 da ke shekarun haihuwa na ɗauke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 daga cikinsu ba a taɓa gano musu ita ba. Wato a kowane gidan biki da ya cika, akwai su a kan tabarma.

Abin mamaki, zancen suga a wannan larura ya daɗe da shiga littattafan likitoci. A 1921, shekarar da aka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, wasu likitoci biyu a Faransa, Achard da Thiers, suka rubuta bayanin mace mai gemu da ke fama da ciwon suga. Sai a 1935 Irving Stein da Michael Leventhal a birnin Chicago suka kawo labarin mata bakwai da haila ta ɗauke musu kuma ma'ajiyar ƙwansu ta kumbura. Daga nan larurar ta zama ta likitocin mata, aka shekara kusan hamsin ana kallon mara kawai. A 1980 George Burghen da abokan aikinsa a Amurka suka auna jinin irin waɗannan mata, suka ga insulin ɗinsu ya yi yawa, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon yawan sinadarin maza. A 1989 Andrea Dunaif ta nuna abin da ya fi haka muhimmanci gare mu: har siraran mata masu wannan larura jikinsu ba ya sauraron insulin yadda ya kamata. Ƙiba tana ƙara tsananta abin, amma ba ita ce tushensa ba.

Ga yadda abin yake. Tuwo, shinkafa, fura, burodi, rogo, duk hanji na narkar da su su koma suga su shiga jini. A bayan tumbi akwai wata doguwar tsoka mai suna fankiriyas, ita ke sakin insulin, shi kuma aikinsa ya sa tsoka da hanta da kitse su karɓi sugan nan daga jini, su ƙone shi ko su adana. A ɗauke shi kamar mai sallama a ƙofar gida. A jikin mai lafiya, sallama ɗaya ake amsawa a buɗe. A jikin mai wannan larura, mutanen gidan sun yi nauyin kunne, sai mai sallama ya ɗaga murya, ya yi ta kwaɗawa kafin a buɗe. Ana buɗewa daga ƙarshe, shi ya sa gwajin suga kan nuna lafiya lau shekara da shekaru. Amma akwai maƙwabciya wadda kunnenta garau yake, ita ce ma'ajiyar ƙwai, kuma duk ihun nan a kunnenta yake sauka.

Idan insulin ya yi yawa a jini, yana tunzura ma'ajiyar ƙwai ta ƙara samar da sinadarin maza, wanda dama kowace mace tana da ɗan kaɗan. A lokaci guda yana sa hanta ta rage samar da wani furotin da aikinsa shi ne ɗaure wannan sinadari ya hana shi yawo. Ga ƙari a samarwa, ga ragi a ɗauri. Sakamakon shi ne buhunan ƙwai su fara girma su tsaya a hanya, babu wanda ya nuna har ya fashe ya saki ƙwai, haila ta yi jinkiri, gashi ya tsiro inda ba a so, fuska ta yi ta feso ƙuraje. Yawan insulin kuma yana taimaka wa jiki tara kitse, kitsen ciki yana ƙara wa jiki taurin kunne, abin ya yi ta zagayawa. Fankiriyas na iya jure wannan aikin wuce kima na tsawon shekaru. Ranar da ta gaza, suga ya fara taruwa a jini, a ce wance ta kamu da ciwon suga, kamar jiya abin ya faro.

Jiki kan ba da sanarwa tun kafin nan, a bayan wuya. Fatar wurin ta yi baƙi, ta yi kauri, ta yi laushi in an shafa, haka ma hammata da matsematsi. Yawan insulin ne ke sa ƙwayoyin fata su hayayyafa. Sau nawa aka zagi yarinya da ƙazanta a kan wannan? A ba ta soso da sabulun salo ta dirje har wurin ya yi ciwo, bai fita ba, domin ba dauɗa ba ce. Daga nan sai a koma ga man bilicin, wanda da yawansa akwai sinadarin sitiroyid a ciki, mai ratsa fata ya shiga jini idan an daɗe ana shafawa a jiki da yawa, kuma sitiroyid na cikin abubuwan da ke tayar da suga.

Babbar matsalarmu ke nan: alamomin larura ɗaya ne, amma ƙofa daban-daban ake kai kowace. Wuya a kai wa mai kayan shafa. Rikicewar haila a kai kemis, a ce sanyi ne, a yi ta ɗura wa mace magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ba su da abin kashewa. Jinkirin haihuwa a kai wa mai magani, a ce sammu ne ko namijin dare. Gashin haɓa kuwa ba a kai shi ko'ina, a ɗaka ake tsige shi a ɓoye, har likitan ma sai ya tambaya kafin a faɗa masa. Ba na hana kowa addu'a, kuma babu likitan kirki da zai hana. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi da ake auna jini.

Me awon ke nunawa idan an yi? A wani bincike da Richard Legro ya jagoranta a Amurka, aka buga a 1999, an gwada mata 254 masu PCOS. Kashi 31 cikin 100 sugansu ya riga ya hau matakin share fagen ciwon suga, kashi 7.5 kuma suna da cikakken ciwon suga ba su sani ba. Yawancinsu matasa ne, shekarun da ba a ko kawo wa mace zancen suga. Wani abin da binciken ya nuna shi ne gwajin safe, wanda ake yi kafin a karya, ya bar da yawansu sun wuce kamar lafiyayyu. A wannan larura, sugan bayan cin abinci ne ke fara lalacewa, na safe ya biyo baya.

Don haka ƙa'idojin kula da PCOS na duniya, waɗanda Jami'ar Monash ta Ostareliya ta jagoranci tsarawa a 2018 aka sabunta a 2023, suka fifita gwajin shan ruwan gulukos. Mace za ta ci abincinta yadda ta saba a kwanakin da suka gabata, ta kwana ba ta ci komai ba na aƙalla awa takwas, ruwa kawai. Da safe a ɗebi jini, a dama mata giram 75 na gulukos a kofin ruwa ta shanye cikin 'yan mintuna, ta zauna wuri ɗaya awa biyu, ba ci ba zirga-zirga, a sake ɗiba. Idan na safe ya kai 7.0, ko na bayan awa biyu ya kai 11.1 a ma'aunin milimol, ciwon suga ne, sai a maimaita a tabbatar. Idan na bayan awa biyu ya faɗa tsakanin 7.8 da 11.0, matakin share fage ne, kuma a nan ne ake iya juya akalar abin. Wasu na'urori da miligiram suke lissafi, a nan lambobin su ne 126, 200 da 140. Zaƙin ruwan na iya tayar da zuciya, zaman awa biyu kuma ga wadda ta baro gida tun asuba ba wasa ba ne. Duk da haka kayan aikinsa ba su wuce gulukos da agogo da abin auna suga ba.

Akwai wani gwajin mai sauƙi da ake kira HbA1c, wanda ba ya buƙatar azumi, yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. A ƙasarmu sai an yi hattara da shi, domin a jikin jajayen ƙwayoyin jini yake karatu. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu, kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da rabin gadon sikila. Duka biyun suna iya karkatar da sakamako. Auna insulin kansa kuwa, wanda wasu ɗakunan gwaji a manyan birane ke tallatawa da tsada, ƙa'idojin ba su ba da shawarar yin sa ba, domin ba ya sauya maganin da za a bayar. Gara a sa kuɗin a gwajin gulukos. Abin da kowace mace za ta iya yi a gida shi ne ta ari tef ɗin mai ɗinki ta auna ƙugunta daidai tsakanin haƙarƙari da ƙashin kwankwaso. In ya kai santimita 80, wato inci 31 da rabi, kitsen ciki ya fara yawa ko da sauran jiki bai nuna ba.

Gado na da hannu a wannan larura, amma yadda ake rayuwa shi ke hura ta. Binciken da Anas Sabir da abokan aikinsa suka yi a Sakkwato ya samu ciwon suga a jikin kashi 4.6 cikin 100 na Fulanin birni, a Fulanin karkara kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Jini ɗaya, zama daban. Birnin Kudu da Gwaram suna tsakiyar wannan sauyi. Kakanninmu mata a cikin kulle ma aikin ƙarfi suke yi: sussuka, surfe, daka, niƙa a dutse, jan guga. Yau inji ya karɓi niƙa da surfe, 'yan garuwa sun karɓi ruwa, kuma babu mai hankalin da zai ce a mayar da mata wahalar da. Sai dai abin da ya fita daga jiki ta wannan hanya ba a maye shi da komai ba, ga shi farar shinkafa da taliya da burodi da shayi mai kauri sun samu wurin zama a kwanon da dawa da gero ke ciki. Kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita na ɗauke da suga wajen giram 50, kusan cokalin shayi 12.

A kan wannan sai a ɗora gyaran amarya. Muna son mace ta ciko, ta yi ɓulɓul, a ce miji ya iya kiwo. Don haka 'yan mata ke shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa dezametason ne, sitiroyid mai ƙarfi da ke kumbura fuska da ciki, ya tayar da suga, ya rikita haila. Ga mai PCOS wannan guba ce. Haɗe-haɗen kayan mata kuma, tsumi da gumba da sauransu, ginshiƙinsu zuma ne da mazarƙwaila da dabino da madarar gwangwani. Zuma abinci ce mai albarka, amma jini a matsayin suga yake karɓarta. Matar da ake ɗura wa waɗannan safe da yamma don ta samu ciki, ana iya ƙara nisanta ta da cikin ne.

Labari mai daɗi shi ne abin na jin magani. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, wato kilo huɗu zuwa takwas ga mai kilo 80, kan isa haila ta fara daidaita, wasu har ƙwai ya dawo fita. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, an bi mutum 3,234 da ke matakin share fage na kusan shekara uku. Waɗanda suka gyara ci suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100, waɗanda aka ba ƙwayar metformin kuma da kashi 31.

Gyaran ci ba yana nufin a koma acha da alkama kaɗai ba, kamar yadda ake tsorata masu suga. Tuwon alkama ma suga yake komawa, kuma ƙa'idojin 2023 sun ce babu wani tsarin abinci guda da ya fi sauran. Abin da ƙasar nan ke nomawa ya isa: dawa da gero da ba a surfe su har suka yi fari ba, wake, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, kuɓewa, kuka, nono. A rage malmala, a ƙara miya da ganye. A sha fura da nono ba tare da an zuba suga ba, haka koko da zoɓo. Lemon kwalba ya koma abin ranar suna. Motsi kuma rabin awa ne a yini, kwana biyar a mako, ko da zagaya tsakar gida ne da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga, musamman bayan cin abinci, domin tsokar da ke aiki tana jan suga ko insulin bai yi mata magana ba.

Duk wannan a hannun wa yake? Mai cefane. Shi ke auno hatsi, shi ke shigowa da ledar burodi da lemo da daddare don nuna kulawa, shi ke ba da izinin fita. Likitan da ya yi wa mace bayani ita kaɗai alhali maigida na waje yana jira, ya yi rabin aiki. Kuma tunda ya shigo, a gwada shi shi ma, domin ba kowane jinkirin haihuwa ne daga mace yake ba.

Metformin tsohon magani ne mai araha, tun 1957 likita Jean Sterne ya fara ba masu suga shi a Faransa, kuma a 1994 wasu likitoci a Benezuwela suka nuna yana rage insulin da sinadarin maza a jikin masu PCOS. Yana rage sugan da hanta ke zubowa cikin jini. Mata da yawa kan watsar da shi a makon farko saboda tashin zuciya da gudawa, ko don wata ta ga kwalin ta ce, "Yaya, ai wannan na masu suga ne, me ya haɗa ki da shi?" Ana farawa da kaɗan, a sha tare da abinci, a ƙara sannu a hankali, ciki ya saba. Shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga ƙasa, shi ya sa mafi yawan masu shan sa ke azumin Ramadan lafiya, likita ya mayar musu da lokutan sha zuwa buɗa baki da sahur. Wadda ta shekara da shekaru a kansa a riƙa duba mata bitamin B12, mai ciwon ƙoda kuma ba a ba ta shi kai tsaye.

Sai dai kada a ɗauke shi maganin haihuwa. A gwajin da aka yi wa mata 626 masu PCOS aka buga a 2007, kashi 7.2 cikin 100 na masu shan metformin kaɗai ne suka haihu, masu shan kulomifin, maganin da ke sa ƙwai ya fita, kashi 22.5, masu haɗa biyun kashi 26.8. A 2014 wani gwajin na mata 750 ya nuna wani maganin mai suna letrozol ya fi kulomifin, kashi 27.5 a kan 19.1, shi ya sa yanzu shi ake fara bayarwa. Waɗannan ba ƙwayoyin da za a saya a kemis a yi ta sha wata bayan wata ba ne, da awo ake ba da su. Wadda ba ta neman ciki a yanzu kuwa, likita na iya rubuta mata ƙwayoyin tsarin iyali don daidaita haila da rage gashi. Wannan kan tayar da ƙura a gida, amma yana da dalili: idan aka wuce kwana 90 babu haila, ba ciki ba goyo, bangon mahaifa na ta kauri ne ba ya zubewa, kuma daɗewa a haka na ƙara haɗarin sankarar mahaifa.

Idan Allah ya kawo rabo, murna ba ta sallami zancen suga ba. Mai PCOS ta fi sauran mata haɗarin sugan goyon ciki da hawan jini mai kai wa ga jijjiga. Sugan uwa na ratsawa ga ɗan tayi, ya yi girma fiye da kima, ya wuce kilo huɗu, kafaɗa ta maƙale a wajen fita. Ga wadda za ta haihu a gida a ƙauyen da ke nesa da titi, wannan zancen rai ne. Don haka ake son ta sha ruwan gulukos kafin ta ɗauki ciki ko a farkon awo, ta sake tsakanin mako 24 da 28, ta kuma haihu a asibiti.

Bayan shekara arba'in haila kan daidaita da kanta ga mata da yawa masu wannan larura, sai a ɗauka an warke. Taurin jiki ga insulin yana nan, shekaru ma ƙara shi suke yi. Ƙa'ida ita ce a maimaita gwajin suga duk bayan shekara ɗaya zuwa uku, gwargwadon nauyin mace da tarihin danginta, a auna hawan jini duk shekara, a duba kitsen jini. Ta kuma lura da ƙannenta da 'ya'yanta mata, domin abin na bin dangi. Yarinyar da ba ta daɗe da fara haila ba, rikicewa a shekarun farko ba abin tsoro ba ne, kuma ba a yanke mata hukunci da hoton ciki sai ta shekara takwas da farawa. Amma in ta shekara uku da farawa har yanzu hailarta ba ta kai sau takwas a shekara ba, ga duhu a wuya, a kai ta asibiti tun tana gaban iyayenta, kada a jira sai an kai ta ɗaki.